Hoton Cikin Rumbun Baffa

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, wanda in ya yi tafiya sai duk dangi sun ji a jikinsu. A Legas yake aiki, a wani kamfani da har yau ban gane abin da suke sayarwa ba, kuma duk shekara sai an ba shi hutu ya shiga duniya. Tafiyar ba ta dame ni ba, ƙafarsa ce. Dawowar ce ke ci mini rai. Zai sauka Daura ya kwana ɗaya, washegari bayan la'asar ya haɗa wayarsa da talabijin ɗin gidan Gwaggo, a tara mu kamar masu jiran allurar rigakafi, ya fara nuna hotuna. Ga shi a gaban wani dogon bene. Ga shi a bayan benen. Ga farantin abincin da aka kawo masa, ga farantin bayan ya share. Wata shekara har banɗakin otal ya nuna mana, da tsofaffi zaune a wurin, yana bayanin yadda ruwan ke zuwa da kansa. Kowane hoto da huɗubarsa: can ba ƙuda, can mutane sun san ciwon kansu, can in ka yar da takarda sai an kama ka. Mu dai sai mu ce ikon Allah, mu jira a kai ƙarshe a raba tsaraba, wadda ba ta wuce abin rataya makulli da wani turare mai hawa kai.

Da yake wasa ne tsakaninmu, ba na ɓoye masa. Nakan ce masa shi idonsa a aljihu yake, sai ya zaro waya yake gani. Shi kuma ya ce ni baƙauye ne, wai tunda aka haife ni ban taɓa wuce Kaduna ba, in zauna in ci gaba da goge allo. Malamin makaranta ne ni, kuma gaskiya ya faɗa, ban taɓa wuce Kadunan ba. A yi dariya a tashi.

Shekarar da nake magana, sai ya bugo mini cewa bana ba zai fita waje ba, wai yanzu yayin da ake yi shi ne mutum ya zagaya gida. Zai zo da abokan aikinsa huɗu, ni zan yi musu jagora. Tsakiyar bazara ce, irin zafin da ko ƙadangare sai ya nemi inuwa. Na kai su rijiyar Kusugu, suka leƙa, suka ɗauki hoto. Na kai su Kongolam a bakin iyaka, taubashina ya tsaya yana nuna musu Nijar da yatsa kamar shi ya gano ta. Ran Lahadi muka shiga kasuwar Mai'adua, ya je ya tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa ana tsaka da cinikin bijimi, wai hasken wurin ya fi kyau, har sai da dillalin ya ɗaga masa murya. Ni kam duk kunya ta ishe ni, ina tafe ina ba mutane haƙuri.

A hanyar dawowa ne ya ce duk wannan bai ishe su ba. Suna son ainihin ƙauye, inda za su kwana a tabarma su ga taurari su ci abincin da ba a saya ba. Ya dube ni ya ce me zai hana mu je gidan Kawu.

Wanda yake kira Kawu shi nake kira Baffa, yayan mahaifina ne, kuma yayan Gwaggo. Yana wani ƙauye gaba da Mai'adua, inda mota ke shiga da ƙyar, babur ya fi. Shi ya riƙe ni tun ina shekara bakwai da mahaifina ya rasu, har na shigo Daura karatu. Gidan nan ban taɓa tsayawa a zaurensa ba. Sallama nake yi ina tafiya, in zarce madafa wajen Inna, matarsa, in buɗe tukunya in ga abin da aka dafa. Baffa kuma bai taɓa kirana da sunana na yanka ba, akwai wani sunan tsokana da ya laƙaba mini tun ina yawo ba wando, da shi yake kirana ko a gaban ɗalibaina ne.

Abin da ya kamata in tuna a motar nan ban tuna ba. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke zuba ido. Na sani sarai, don ɗan abin da na noma a bayan gari ko rabin na bara waccan bai kai ba. Kuma na san watan da muke ciki, watan da kowane manomi ke auna abin da ya rage masa da ido yana kallon gabas. Amma na gaji da yawo da su, ina son in sauke su a wani wuri in huta. Na kira Baffa na faɗa masa. Ya ce gidanku ne, sai kun zo. Ko numfashi bai ja ba kafin ya faɗa.

Muka tafi da katan-katan na ruwan roba, wanda su za su sha, da biskit na yara, da darduma mai laushi ta Baffa, da abin rataya makulli. Mutumin da ƙofarsa ko kwaɗo ba ta da shi. Ko tiyar shinkafa ba mu riƙa ba, kuma mun bi ta tsakiyar kasuwa.

Baffa ya tarbe mu kamar ya ga ruwan farko. Aka yanka zabi, aka share ɗakin da ke kusa da turke, aka shimfiɗa musu tabarmi. Taubashina tun kafin ya gama gaisuwa ya fara aiki. Akuya hoto, turmi hoto, randa hoto. Ya sa Inna ta riƙe taɓarya kamar tana daka, ta riƙe don kunya, tana dariyar da ba ta kai ciki ba. Sannan ya tsaya a rumfar da ke jikin madafa ya ce in ɗauke shi, ya ɗaga hannu ya dafa wasu dammunan gero biyu da ke rataye a sama, wai sun yi masa kyau.

Waɗannan dammunan iri ne. Duk kaka, kafin a shiga girbi, Baffa yakan bi gonar shi kaɗai da 'yar wuƙarsa, yana zaɓen zangarniyar da ta fi tsawo da cika, ya ɗaure daban, ya rataye inda hayaƙin madafa zai riƙa bugunsu don ƙwari. Geron kakanmu ne, mai zangarniya kamar tsawon hannun babban mutum, ba a samun irinsa a kasuwa. Tun ina yaro na san ko kaza ba ta isa ta ɗaga kai ta kalle shi ba. Na ce wa taubashina ya sauke hannunsa, ya ce in daina ƙauyanci in danna. Na danna.

Da yamma na komo Daura saboda ina da takardun jarrabawa da zan duba, na bar su can. Kwana uku suka yi. Ran na uku na koma ɗauko su, na tarar da su zaune a inuwa sun baje, kowa da ludayi. Inna ta miƙo mini ƙwaryata. Wallahi ban taɓa shan fura irin wannan ba, fara, mai danƙo, ƙamshinta har cikin kai. Na shanye na ce a ƙara. Har na tsokani Inna na ce ashe sai an yi baƙi daga Legas ake fito da hannun kirki, mu 'yan gida sai tsaki. Ta ce in sha dai, Allah ya sa albarka. A ƙarƙashin rumfar nan nake zaune, amma ban ɗaga kai ba, idona na cikin ƙwarya.

Kwana biyu bayan haka, da baƙin suka wuce, aka yi zaman da aka saba a gidan Gwaggo. Ɗakin ya cika, mata a ƙasa, mu a kujeru, fanka na juya iska mai zafi. Taubashina ya tsaya gefen talabijin, huɗubar bana kuwa ta juya. Yanzu ƙauye ne aljannar duniya. Wai mutanen ƙauye ba su san tsadar rayuwa ba. Wai komai nasu kyauta ne, ka miƙa hannu kawai ka ci. Wai su sau uku suke cin abinci a rana, tuwo da safe, fura da rana, tuwo da yamma, ba wanda ya taɓa aljihu. Wai mu da ke gari mu ne wahalallu, shi in ya ajiye aiki can zai koma. Ina jin wannan zance, na san ko yini ɗaya ba zai iya ba a bakin garma. Amma na ce a raina bari ya gama a tashi.

Ya nuna hoton da na ɗauke shi ran farko, hannunsa a kan dammunan. Ya wuce akuyoyi, ya wuce faɗuwar rana har kala bakwai. Sannan ya kawo na ran bankwana, su biyar a jere a rumfar nan, Baffa a tsakiya da sabuwar dardumarsa a kafaɗa. Zai wuce sai Gwaggo ta ɗaga hannu. Ita ba ta cika magana a wannan zama ba, carbinta take ja. Ta ce ya tsaya. Ta ce ya mayar da wancan na farko. Ya mayar. Ta ce ya dawo da wannan. Ya dawo, yana murmushi, ya ɗauka kyan hoton ne ya kama ta.

Ta ce, "Ina irin?"

Sai a lokacin na duba sama da kawunansu. Igiya biyu ce ke reto, ba komai a jikinsu.

Taubashina bai gane ba. Ya ce oho, wannan geron, ai shi Inna ta sauke ta sussuka washegarin zuwansu, har ya ɗauki bidiyon, bari ya nemo mana. Ya ce gero ne na musamman, shi ya sa furar ta fita daban. Yana neman bidiyon sai yatsansa ya faɗa kan wani hoton, ya ce yauwa, wannan ma shi ne ya fi so a duk tafiyar.

Da farko ban gane ko mene ne ba. Wani rami ne zagayayye, jan ƙasa, an haska shi da fitilar waya. Can ƙasa ɗan ƙaiƙayi, da fasasshiyar ƙwarya, da kashin ɓera. Sai ya fara bayani. Wai da rana tsaka, da Kawu ya tafi masallaci, shi kuma ya samu tsani ya hau rumbu, ya ɗaga murfin, ya zura hannu ya ɗauka. Wai mu dubi gini, ba siminti ba ƙarfe, amma ciki sanyi ƙalau. Wai Turawa da kansu ba su kai nan ba.

Rumbun Baffa ne, kuma wayam yake. Wanda bai tashi a gidan noma ba zai ce to mene ne. A wurinmu ba a leƙa rumbun mutum. Inna shekara arba'in tana gidan nan ba ta taɓa sa kai a ciki ba, Baffa ke hawa da kansa ya ɗebo ya miƙa mata, ko da yawa ko kaɗan ba ta tambaya. Ni da na tashi a gidan ban san yadda cikinsa yake ba sai a talabijin ɗin Gwaggo, tare da mutum ashirin. Abin da ke cikin rumbu tsakanin mai gida ne da Ubangijinsa, shi ne rufin asirinsa. Mutum zai iya kwana da yunwa ya fito da safe da wankakkiyar riga a gaisa da shi da mutunci, muddin murfin nan na rufe.

Gwaggo ta tattara carbinta ta miƙe ta shige ƙurya. Matan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, ko tsarabar ba su jira ba.

Na ja shi waje. Na tambaye shi ko akwai wanda ya ga hoton ban da mu. Ya ce ai tun a ƙauyen ya sa shi a gurup ɗin dangi, da shafinsa, mutane sai yabawa suke. Ya nuna mini. Ni ba na buɗe gurup ɗin nan, tallan magani da gaisuwar Juma'a sun kore ni. A ƙarƙashin hoton, 'yan Legas suna ta cewa abin sha'awa. 'Yan uwa kuwa, wata ta rubuta Allah sarki, ashe haka Baffa ke ciki. Wani ya ce ya kamata a yi wani abu. Wani daga ƙauyen, ɗan maƙwabcin Baffa, bai rubuta komai ba, amma ga alama nan ya gani.

Na zage shi. Zagi na gaske, ba na wasa ba. Na ce masa sun cinye shukar tsoho, sannan ya hau ya tona masa asiri ya raba wa duniya. Abin takaicin, dariya ya fara yi, ya ɗauka taubasantaka ce, har yana ce mini baƙauye. Sai da ya ga ni ba dariya nake ba sannan ya natsu. Ya ce shi bai sani ba, kuma na yarda bai sani ba, abin da ya ƙara ba ni ƙyama ke nan. Mutum ya zagaya ƙasa goma sha, ya san yadda ruwan banɗakin otal ke aiki, bai san yunwa ba in ta tsaya a gabansa ta miƙa masa ludayi. Ya goge hoton. Na ce goge banza, an riga an gani.

Ya ce zai gyara. Na roƙe shi ya bari, ya bar mini, akwai yadda ake yi. Bai ji ba. Ran kasuwa ya sa aka loda buhunan masara da shinkafa a buɗaɗɗiyar mota, da rana tsaka, aka bi ta gaban masallaci da majalisar ƙauyen aka tsaya a ƙofar Baffa ana danna oda. Ya ma ce wa direban ya ɗauko masa hoto in an sauke. Labarin da ya iso ni shi ne Baffa ya fito, ya yi godiya, ya sa albarka, sannan ya ce a wuce da kayan wajen liman a raba wa mabuƙata, shi gidansa alhamdu lillahi. Ko ƙwaya ba ta shiga zaurensa ba.

Na bari aka kwana biyar. Hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Na je Mai'adua na zaɓi geron iri mafi kyau da na samu, ɗan gajere ne irin na kowa, na ƙulle a tsohon buhu yadda ba zai ja ido ba, na ɗaure a bayan babur. Dabarata ita ce in ce wani abokina malamin gona ne ya ba ni, ina son Baffa ya gwada mini a gonarsa ya ga ko yana da kirki. Haka ake yi, kowa ya san ƙarya ce, kowa ya rufa wa kowa.

Na jingine babur, na yi sallama ina tafiya kamar kullum. Ban kai tsakiyar zaure ba sai ga Baffa ya fito daga ciki, ya tsaya a bakin ƙofar da ke shiga gida. Bai ɓata rai ba. Ya amsa sallamar cikin sakin fuska, ya ɗauko sabuwar tabarma, wadda ake ajiyewa don baƙi, ya shimfiɗa a zauren.

Ya ce, "Bismilla, Malam. Zauna."

Malam. Na zauna. Aka kawo mini ruwa a kofin gilashi a kan faranti. Ina jiyo Inna a ciki tana kora kaji, ba ta fito ba. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi makaranta, ya tambayi Gwaggo da ƙafarta. Na kawo zancen abokina malamin gona, ina in'ina. Ya saurara har ƙarshe, ya ce to, a ajiye a nan bayan ƙofa, zai duba. Ban san lokacin da na fara ba shi haƙuri a kan taubashina ba. Na ce yaron nan ba shi da hankali, birni ya lalata shi, na zage shi, Gwaggo ma ta daina yi masa magana. Na yi ta zuba, ina jin daɗin samun wanda zan ɗora wa.

Baffa ya bari na gama. Yana wasa da bakin tabarma da yatsa.

Ya ce, "Ka bar shi. Shi baƙo ne, a birni aka haife shi, abin da ya gani ya ba shi sha'awa ya ɗauka. Ban riƙe shi ba." Ya ɗago ya dube ni. "Kai a gidan nan ka tashi. Ka san daminar da aka yi, ka san watan da ake ciki. Ka kawo mini mutum biyar da ruwan roba."

Aka kira la'asar muka tafi masallaci tare, ya rako ni har wajen babur, ya ce in gaida gida.

Da ruwa ya sauka Baffa ya shuka abin da na kai. Ya yi, ba laifi. Da kaka ya aiko mini da dami ɗaya kamar yadda ya saba duk shekara, ya aika wa Gwaggo ɗaya. Na kwance nawa a tsakar gida, zangarniyar ko kamu biyu ba ta kai ba. Na tambaya a ƙauyen ko akwai wanda ya taɓa karɓar irin kakanmu a wurin Baffa, aka ce akwai mutum biyu, amma nasu ya gauraye da na kasuwa tun tuni.

Taubashina ya koma fita waje. Bara wata ƙasa mai dusar ƙanƙara ya je, an ce hotunan sun yi kyau, ni ban je kallo ba. Ƙauye kuwa ina zuwa duk wata, ba na fashi, kuma ba na zuwa hannu sake. Baffa yana murna da zuwana, yana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya. Shekara uku ke nan, ina jingine babur yake ɗauko tabarmar nan ya shimfiɗa mini a zaure.